Yadda Ake Koyon Turanci da Hirar Saɓanin Miji da Mata, Mataki-Mataki

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu karatu, musamman matasan da suka gama sakandare a nan Sakkwato da matan aure da suka koma karatu: mun haddace kalmomi, mun san dokokin nahawu a takarda, amma da an ce mu yi magana sai baki ya mutu, ina mafita? Hanyar da muka fi amincewa da ita ita ce gajeriyar hira ta mutum biyu, kuma a cikin hirarraki babu wadda ta kai ta saɓani amfani. Gaisuwa da cinikin tumatir jimla biyar ne suke ta juyawa. Amma idan miji da mata suka saɓa, dole a faɗi abin da ya wuce, a yi tambaya, a kare kai, a yi da-na-sani, sannan a ɗauki alkawarin gobe. Babban kaso na nahawun Turanci ke nan a cikin layi goma sha biyu. Kuma jimlolin suna zama a kai, domin tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, babu wanda bai san yadda irin wannan magana take tafiya ba.

Wanda ya iya karanta Turanci ko da a hankali ne zai iya bin matakan nan. Wanda bai kai nan ba, ya fara da koyon karatu tukuna.

1. Haɗa kayan aiki

Ana buƙatar littafin rubutu guda biyu irin na 'yan makaranta, ɗaya na hira, ɗaya na kalmomi. Sai biro biyu, shuɗi na rubutu da ja na gyara. Sai waya mai iya naɗar murya, da ƙaramin madubi, wanda amfaninsa zai fito a mataki na 7.

Sai ƙamus, kuma a nan ne mutane suke kuskuren saye. Ƙamus ɗin aljihu mai ba da ma'ana kalma ɗaya ba zai yi wannan aiki ba. Wanda ake so shi ne na masu koyo, wanda ke kawo jimlar misali a ƙarƙashin kowace kalma, irin Oxford Advanced Learner's Dictionary. Na takarda yana da tsada, don haka a duba na hannu wajen masu sayar da littattafai, ko a ara. Yana nan kyauta a intanet, har da muryar da ke furta kowace kalma da lafazin Ingila da na Amurka. Ka zaɓi na Ingila ka tsaya a kansa, tunda shi makarantunmu suka gada.

Idan ka cire ƙamus, kuɗin da za ka kashe bai wuce na littafi biyu da biro biyu da ɗan data ba. Ba sai ka biya kuɗin lesin ba.

Hattara: kada ka haɗa hira da kalmomi a littafi ɗaya don tsimi. Ranar bita za ka riƙa hango amsa a gefen shafi, ka zaci ka iya.

2. Nemi abokin karatu

Hira ta mutum biyu ce. Ka nemi wanda Turancinsa bai fi naka nisa ba, kuma wanda zai iya ba ka minti 30 kullum. Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace. Ɗaya ya karanta layin maigida, ɗaya na uwargida, gobe a sauya. Bayan sallar Asuba ko bayan Isha'i ya fi, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafin rana ke hana kai ɗaukar komai. Idan ɗaya yana Mabera ɗaya yana Arkilla, saƙon murya na WhatsApp ya wadatar: ka aika layinka, ya maido nasa.

Miji da mata ma suna iya yi tare, kuma ya fi sauƙi tunda gida ɗaya suke.

Hattara, kuma wannan ya fi kowane gargaɗi a nan nauyi: idan ma'aurata ne ke karatun, kada kalmar saki ta shiga hirar da kowane harshe. Hadisi ya zo cewa abu uku gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure da saki da kome. A bar wannan ƙofa a rufe gaba ɗaya. Ma'anar kalmar ana iya ganinta a ƙamus, ba sai miji ya furta ta ga matarsa ba.

3. Zaɓi ƙaramin saɓani, ka rubuta shi da Hausa

A fara da abu ƙarami wanda ake iya sasantawa cikin minti biyu: makara, mantuwa da saƙo, kuɗin cefane da bai kai ba, baƙi da aka kawo ba sanarwa. Layi 10 zuwa 12, kowane layi kada ya wuce jimla biyu. Ka rubuta da Hausar da kuke yi a gida. In da *munka* da *sunka* ta zo maka, bar ta haka, domin abin da ake so shi ne maganar ta yi kama da ta gaskiya.

Hirar ta bi hanyar da saɓani yake bi: ƙorafi, tambaya, uzuri, da-na-sani, alkawari, sulhu. Kada a tsallake sulhun. Jimlolin ban haƙuri su ne za ka fi buƙata a wajen aiki da makaranta, kuma su ne masu koyo suka fi rashi. Ga misalin da za mu bi har ƙarshe:

Uwargida: Sannu da zuwa, Maigida. Tun ƙarfe huɗu nake jiranka.
Maigida: Na sani. Yi haƙuri, na makara.
Uwargida: Ka yi alkawarin kai ni gidan Inna. Me ya hana ka kira ni?
Maigida: Cajin wayata ne ya ƙare, kuma mashin ya lalace wajen kasuwa.
Uwargida: Ai da ka ari wayar wani.
Maigida: Gaskiyarki. Haka ya kamata in yi.
Uwargida: Da ka kira, da hankalina bai tashi haka ba.
Maigida: Ban yi don in ɓata miki rai ba. Ki yafe mini.
Uwargida: Karo na biyu ke nan a wannan mako.
Maigida: Ba zan sake ba. Gobe bayan Asuba za mu tafi, in sha Allahu.
Uwargida: To, ya wuce. Abincinka yana hucewa.

Hattara: kada ka ɗauko rigimar gidanka ko ta maƙwabta ka sa a littafi, kuma kada ka sa sunan kowa. Littafi yana yawo hannu-hannu, saƙon murya kuma ana turawa. "Maigida" da "Uwargida" sun isa.

4. Mayar da ma'ana, ba kalmomi ba

Yanzu sai ka ɗauki layi ɗaya-ɗaya, ka tambayi kanka: me wannan mutum yake nufi, kuma me Bature zai ce a wannan wuri? Hausa a shafin hagu, Turanci a na dama, ka bar layi ɗaya fanko a ƙarƙashin kowace jimla saboda gyara. Ga yadda hirar ta koma:

Uwargida: *Welcome back. I have been waiting for you since four o'clock.*
Maigida: *I know. I'm sorry I'm late.*
Uwargida: *You promised to take me to my mother's house. Why didn't you call me?*
Maigida: *My battery died, and the motorbike broke down near the market.*
Uwargida: *You could have borrowed someone's phone.*
Maigida: *You're right. I should have done that.*
Uwargida: *If you had called, I wouldn't have been so worried.*
Maigida: *I didn't mean to upset you. Please forgive me.*
Uwargida: *This is the second time this week.*
Maigida: *It won't happen again. We'll go tomorrow after the morning prayer, God willing.*
Uwargida: *All right, I forgive you. Your food is getting cold.*

Duba wuraren da Hausa da Turanci suka rabu. Hankali ya tashi a Hausa, a Turanci babu abin da ya tashi, *worried* ce kawai. Ɓata rai ya koma *upset*. Wanda ya ce *spoil my mind* Hausa ya yi da kalmomin Turanci. Caji ya ƙare a wajenmu, a wajensu batir ne ya mutu.

"Yi haƙuri" ita ce babbar matsala, domin aiki uku take yi mana. Idan kai ne mai laifi, *I'm sorry* ce. Idan jira kake so a yi, *please wait* ce ko *be patient*. Idan lallashin wanda wani ya ɓata wa rai kake yi, *don't take it to heart* ce. Mijin da ya makara ya ce wa matarsa *be patient* bai ba da haƙuri ba sam; a kunnen mai jin Turanci umarni ya ba ta, kuma ya mayar da laifin kanta.

Wasu kuma da ke yawan fitowa a irin wannan hira: ya ci amanata, *he betrayed me*, ta ci mutuncina, *she humiliated me*, ba laifina ba ne, *it's not my fault*, ba ruwana, *it has nothing to do with me*, ba ki fahimce ni ba, *you misunderstood me*. Ka lura da "ji" ma: muna jin magana, mu ji wari, mu ji zafi, mu ji Turanci, duk da kalma ɗaya, su kuma suna da *hear* da *smell* da *feel* da *understand*.

Akwai abubuwan aurenmu da ba su da kalma guda a Turancin yau da kullum, sai a faɗe su da jimla. Ta yi yaji: *she has gone back to her parents' house after a quarrel*. Ya je biko: *he went to ask her to come back*. Yau girkina ne: *it's my turn to cook today*. Kishiya tana da *co-wife*, amma wanda bai san auren mace fiye da ɗaya ba zai fi gane *my husband's other wife*.

Hattara: manhajar fassara ta Google tana da Hausa, kuma tana da amfani wajen neman kalma guda. Kada ka zuba mata hirar gaba ɗaya ka kwafe. Tana iya ɗaukar yaji na aure a matsayin yaji na miya, kuma ko ta dace, kai ba ka koyi komai ba.

Kafin ka haddace ko layi ɗaya, kai wa wanda ya iya ya duba: malamin Turanci na sakandare, ko ɗalibin sashen Turanci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Ka roƙe shi ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kuskure kawai, kai ka gyara, sannan ya sake dubawa. Kuskuren da aka haddace ya fi wanda ba a sani ba wuyar fita.

5. Ciro kalmomi tare da jelarsu

Daga kowace hira ka ciro kalma 8, kada ka wuce. A littafi na biyu ka raba shafi gida uku: kalmar, ma'anarta da Hausa, sai jimlar da kai ka ƙirƙira.

Sirrin wannan mataki shi ne kada ka rubuta kalma tsirara. Yawancin kalmomin saɓani suna tafiya da wata 'yar ƙaramar kalma a bayansu kamar jela, kuma babu dokar da za ta gaya maka wacce ce, sai hadda. Ana cewa *angry with* mutum, amma *angry about* abu. *Listen to* mutum. *Wait for* mutum. *Complain about* abu. *Blame* mutum *for* abu, amma *accuse* mutum *of* abu. *Apologise* tana da jela biyu: *apologise to her for coming late*. Wasu kuma ba sa ɗaukar jela ko kaɗan, mu ne muke liƙa musu: *discuss the problem* ake cewa, ba *discuss about* ba. Irin waɗannan ne ke fitowa a tambayoyin cike gurbi na WAEC da NECO da JAMB, don haka ɗalibi jifa ɗaya yake yi ya sami biyu.

Sai aikatau masu gida biyu waɗanda ma'anarsu ba ta fitowa daga ɓangarorinsu: *calm down*, kwantar da hankali, *fall out*, ɓatawa, *make up*, shiryawa, *bring up*, tayar da magana, *break down*, lalacewar inji. Biyu a mako sun isa.

Hattara da *borrow* da *lend*. Mai karɓa shi ne yake *borrow*, mai bayarwa shi ne yake *lend*. "Ara mini wayarka" *lend me your phone* ce. *Borrow me* ta bazu a bakin jama'a, amma kuskure ce a jarrabawa da wajen aiki. Haka nan waya da mota mata ne a Hausa, shi ya sa ake jin *she is not working*; duk abin da ba mutum ba *it* ne.

6. Nahawu: kowace rana gaɓa ɗaya

A nan ne aikin yake, kuma a nan ake gaggawa a ɓata shi. Hira ɗaya za ta yi maka mako guda. Kowace rana ka ɗauki layi ɗaya, ka gane gininsa, ka ƙirƙiri jimla biyar a kan wannan gini, ka faɗe su da baki.

Rana ta farko, ƙorafi. Hausa tana cewa "tun ƙarfe huɗu nake jira", sai mai koyo ya ce *I am waiting since four*. Abin da ya fara a baya yake ci har yanzu, Turanci yana gina shi da *have been* da aikatau mai *-ing*. Sannan "tun" ta rabu biyu: *since* tana bin lokacin farawa, *since four o'clock*, *since Friday*, *for* tana bin tsawon lokaci, *for three hours*, *for two days*. A nan kuma ake koyon ƙorafin ɗabi'a, *you always come late*, *you never listen to me*. *Never* kanta korewa ce, ba a haɗa ta da *don't*. Idan ana maganar mutum na uku, *s* tana hawa kan aikatau: *he never listens*.

Rana ta biyu, tambaya. Hausa ba ta juya jimla idan za ta yi tambaya, Turanci kuwa sai ya kawo mai taimako ya sa shi gaban mai aiki. *Why you did not call me?* ginin Hausa ne. Daidai shi ne *why didn't you call me?* Da zarar *did* ta shigo, ita ta ɗauke nauyin lokacin da ya wuce, aikatau ya koma asalinsa: *call*, ba *called* ba. Ku yi tambaya goma da *why*, *where*, *when*, *who*, kuna amsa wa juna.

Hattara da amsar tambaya mai korewa. In aka ce "ba ka kira ba?", sau da yawa mukan ce "e, ban kira ba". A Turanci *didn't you call?* amsarta *no, I didn't* ce idan ba ka kira ba, *yes, I did* idan ka kira. Wanda ya ce *yes* yana nufin bai kira ba, akasin nufinsa aka ji.

Rana ta uku, uzuri, wato labarin abin da ya wuce. A nan sai an haddace siffofi uku na aikatau marasa bin doka: *break, broke, broken*, *forget, forgot, forgotten*, *go, went, gone*, *tell, told, told*, *forgive, forgave, forgiven*. Ka ware shafin ƙarshe na littafin kalmomi dominsu, ka riƙa rera su uku-uku kamar yadda ake biya allo.

Rana ta huɗu, da-na-sani, kuma a nan Bahaushe yana da sa'a, domin ginin "da… da…" namu ya yi daidai da nasu gaɓa da gaɓa. "Da" ta farko ita ce *if* da *had* da siffa ta uku. "Da" ta biyu ita ce *would have* da siffa ta uku. Da ka gaya mini, da na jira: *if you had told me, I would have waited*. Kuskuren da aka fi yi shi ne sa *would* a ɓangaren *if*. Wurinta ɓangare na biyu ne kaɗai. 'Yan'uwan wannan gini su ne *should have*, abin da ya kamata a yi ba a yi ba, da *could have*, abin da aka sami damar yi ba a yi ba. Dukansu siffa ta uku suke ɗauka: *I should have gone*, ba *went* ba. Idan rana ɗaya ba ta ishe ku ba, ku ba shi biyu, ya cancanta.

Rana ta biyar, alkawari: *will* da *won't*, da *promise to*. Wannan ba shi da wahala. Abu ɗaya ne abin lura, a irin wannan jimla bayan *if* ko *when* ba a sa *will*: *when I get home, I will call you*.

Rana ta shida, kai labari. Ku shigo da mutum na uku, Gwaggo ko Kawu, wanda aka kai wa ƙara, ɗaya daga cikinku ya ba shi labarin hirar. Hausa tana cewa "ta ce ta gaji" ba tare da lokaci ya motsa ba. Turanci yakan ja lokacin baya da taki ɗaya: *I am tired* ya koma *she said she was tired*, *it won't happen again* ya koma *he said it wouldn't happen again*, tambaya kuma ta miƙe ta zama jimla, *she asked why he hadn't called*. *Say* kamar "ce" take, *tell* kamar "gaya wa": *she told me* daidai ne, *she said me* kuskure ne.

Rana ta bakwai babu sabon abu, hirar kawai za ku yi ba littafi.

7. Furuci: madubi da naɗar murya

Kullum minti 10 na ƙarshe na baki ne. Ku naɗi hirar a waya, ku saurara, kowa ya rubuta kalma uku da ya ji sun karkace, ku ji yadda ƙamus ya furta su, ku sake naɗa. Kada ku goge ta ranar farko. Bayan wata guda ita za ta nuna muku inda kuka kai.

Mu Sakkwatawa muna da tamu matsala ta musamman. Inda wasu ke cewa tafi da lafiya, mu *tahi* da *lahiya* muke cewa, sai wannan ya bi mu cikin *fault* da *fight* da *forgive*. Harafin *f* na Turanci da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ake yin sa. Duba madubi: in ba ka ga haƙoranka ba, ba ka yi shi ba. *V* ma wurin ɗaya ne, sai dai maƙogwaro yana rawa, ka sa yatsa ka ji, kamar a *never* da *forgive*. *P* kuma leɓe biyu ne ke haɗuwa su fashe. Riƙe 'yar takarda gaban baki, ka ce *promise* ko *please*, dole ta motsa. Na *th* sai an sa kan harshe tsakanin haƙora, in ba haka ba *I think* ya zama *I sink*.

Kada ka cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, kamar a *trust* da *blame* da *problem*. Kuma *-ed* ba kullum take zama gaɓa ba: a *promised* ƙarar *t* ce kawai, a *called* ƙarar *d*, sai bayan *t* ko *d* take zama gaɓa cikakkiya, kamar *waited*.

Hattara da *leave* da *live*. Ta farko doguwa ce kamar "ki" na kifi, ta biyu gajeriya kamar "gi" na gida. *I want to live here* da *I want to leave here* akasin juna ne, kuma a hirar aure bambancin ba ƙarami ba ne.

8. Bita

Ka rubuta kwanan wata a kan kowane shafi. Kalmomin yau a sake duba su gobe, sai bayan kwana 3, sai bayan 7, sai bayan 14. Yadda ake yi: rufe gidan Turanci da hannu, dubi Hausar, faɗi cikakkiyar jimla da ƙarfi, sannan ka buɗe. Wadda ka kasa ka yi mata ɗigo da jan biro, ta koma layin gobe. Wadda ta tara ɗigo uku, ka tilasta mata shiga hirar mako mai zuwa.

Karantawa da ido ba bita ba ce. In baki bai motsa ba, ba a yi ba.

9. Ƙara nauyi a hankali

Mako biyu na farko ku tsaya a kan ƙananan abubuwa. Mako na uku da na huɗu ku shigo da kuɗi da dangi, cefane, kuɗin makarantar yara, ziyarar surukai, a nan ne *in-laws* da *mother-in-law* da *afford* da *owe* za su shigo. Daga mako na biyar ku fitar da saɓanin daga gida: abokai biyu a kan bashi, ɗan kabu-kabu da fasinja a kan canji, ma'aikaci da shugabansa a kan makara. Ginin jimlolin bai canza ba, kalmomi ne kawai sababbi.

Ku koyi kuma bambancin magana mai kaifi da mai taushi. *Shut up* da *you are lying* da *what's your problem?* ka san ma'anarsu don ka gane idan an faɗa, amma zagi ne ko kusa da shi, kuma mai koyo sau da yawa ba ya jin nauyinsu tunda ba harshensa ba ne. A madadinsu ka haddace *please let me finish*, da *that's not how I remember it*, da *can we talk about this later?*

Gwajin da zai nuna ko kun isa ku wuce zuwa sabuwar hira shi ne wannan: ku ajiye littafi, abokinka ya canza layi ɗaya ba tare da ya sanar da kai ba. A maimakon mashin ya lalace, ya ce an riƙe shi a wajen aiki, ko ya ƙi karɓar laifin gaba ɗaya. Idan ka iya amsa masa da cikakkiyar jimla ba ka koma Hausa ba, ku wuce. Idan ka kakare, ka riƙe maganar da *let me explain* ko *give me a minute* har jimlar ta zo, sannan ku maimaita wannan mako kafin ku rubuta sabuwa.